Muhawara kan Mula: manzilin tumɓuke tushe ne, ko sharri ake yi masa?

Malam Isuhu:
Assalamu alaikum. Maganar da na kawo ita ce wadda ake yawan ji a bakin masu duban taurari na Hindu: wai wanda aka haifa Wata na cikin manzilin Mula mutum ne mai tumɓuke abu tun daga saiwa, mai zafin zuciya, mai tone-tone har sai ya rusa abin da yake tonawa, kuma haihuwarsa kan ci mahaifinsa. Ba ina cewa haka abin yake a duniya ba. Abin da nake karewa shi ne, a cikin tsarin nasu wannan fassara ba ƙarin gishirin 'yan baya ba ce, daga gindin al'adar ta fito.

Ga hujjata. Sun raba hanyar Wata gida 27, kowanne suna ce masa nakshatra, faɗinsa digiri 13 da daƙiƙa 20 (daƙiƙa 60 ce digiri ɗaya). Mula shi ne na 19, yana farawa daga farkon burjin Ƙausu, wanda suke kira Dhanu. Sunan Mula na nufin saiwa, alamarsa kuma damin saiwoyi ne a ɗaure wuri guda, ko da yake wasu da wutsiyar zaki suke zana shi. Abar bautar da suka jingina masa ita ce Nirriti, wadda a wajensu ita ke da ruɓewa da rushewa da asara. Mai mulkinsa Ketu ne, wato Zanabu a hisabin Larabawa. Shi ba tauraro ba ne, mahaɗa ce inda hanyar Wata ke ƙetare hanyar Rana ta yi kudu, a tatsuniyarsu kuwa gangar jiki ce mara kai. A rabon ɗabi'u uku, ta ababen bauta da ta mutane da ta dodanni, Mula ya faɗa ta dodanni, wadda suke kira rakshasa. A rabon ayyuka yana cikin huɗun nan masu kaifi, shi da Ardra da Ashlesha da Jyeshtha, waɗanda ake zaɓa don horo da raba tsakani da kai farmaki. Sannan tun a Atharvaveda, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addininsu, kashi na 6, waƙa ta 110, akwai addu'ar da ake yi wa jaririn da aka haifa a wannan yanki na sama, ana roƙon a tsare shi daga tumɓukewa, kada ya girma ya kashe ubansa, kada ya cutar da uwar da ta haife shi. To me kuma ya rage?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya rage shi ne littafin da ya yi maganar hali kai tsaye. Duk abin da ka jero alamu ne da rabe-rabe, babu wanda ya ce ga yadda mutumin zai kasance. Wanda ya faɗi haka shi ne Varahamihira na birnin Ujjain, a ƙarni na 6, cikin Brihat Jataka, babin da ya keɓe wa halayen masu haihuwa a kowane manzili. A kan Mula kalmomi shida ya yi: mai ji da kansa, mai dukiya, mai jin daɗi, wanda ba ya cutarwa, mai tsayuwa wuri ɗaya, mai morar rayuwa. Ka lura da na huɗu da na biyar. Ba ya cutarwa, kuma tsayayye ne. Kishiyar mai tumɓukewa ke nan ƙiri-ƙiri.

Kuma ba wai malamin yana yabon kowa ba ne. A wannan babin ya ce wa mai Ardra mayaudari, mara godiya, mai cutarwa. Ashlesha ma haka ya yi masa. Da Mula yana da wannan suna a zamaninsa, babu abin da zai hana shi faɗa.

A ɗaya littafin nasa, Brihat Samhita, inda ya raba sana'o'i da kayayyaki ga manazil, abin da ya ba Mula shi ne magunguna, masu magani, shugabannin ƙungiyoyi, masu cinikin furanni da saiwoyi da 'ya'yan itace, iri na shuka, da manyan attajirai. Saiwar da ke hannunsa ta mai magani ce. Ko tsohon sunan taurarin nan biyu na ƙarshen wutsiyar kunama, Vichritau, ma'anarsa masu kwance ɗauri, kuma a wannan Atharvaveda ɗin da ka kafa hujja da shi ana kiransu su kwance wa mara lafiya ɗaurin ciwon gado.

Malam Isuhu:
Malama, ban musa baitin ba, amma Varahamihira mutum ɗaya ne, kuma ba da littafinsa ake yanke wa jariri hukunci a gida ba. Idan an haihu, littattafan zaɓen lokaci ake buɗewa, irin su Muhurta Chintamani da Rama Daivajna ya rubuta a Banaras a 1600. Shi kuwa bai ɓoye ba. An raba manzili rubu'i huɗu, suna ce wa kowanne pada, faɗinsa digiri 3 da daƙiƙa 20. Rubu'i na farko na Mula kan halaka uba, na biyu uwa, na uku dukiya, na huɗu ne kaɗai mai alheri. A Ashlesha jerin juyawa yake yi: na huɗu ne ke cin uba, na farko shi ne lafiyayye.

Mafi tsanani shi ne abin da suke kira abhukta mula, wato mahaɗar ƙarshen Jyeshtha da farkon Mula. Malamansu sun saɓa a kan tsawonsa, amma wanda ya fi yaɗuwa shi ne ghati biyu kafin iyaka da ghati biyu bayanta. Ghati ɗaya minti 24 ne, jimla awa ɗaya da minti 36 ke nan. Wanda aka haifa a nan, hukuncin littafi shi ne uba kada ya ga fuskarsa sai bayan shekara 8. Labarin da ake bayarwa a kan mawaƙi Tulsidas, wanda ya rasu a Banaras a 1623, shi ne a wannan lokacin aka haife shi, shi ya sa iyayensa suka yar da shi. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, yaɗuwarsa ta nuna abin da jama'a suka yarda da shi.

Kuma da ba a tsoron manzilin, da ba a tsara masa kaffara ba. A rana ta 27, lokacin da Wata ya kewayo inda yake ranar haihuwa, ake yin mula shanti. Ana haɗo ruwa daga wurare 27, ganye daga itatuwa 27, a zuba ta tukunya mai huda-huda a kan uwa da uba da jariri, sannan uba ya fara ganin fuskar ɗansa a cikin narkakken man shanu da aka zuba a tasar tagulla, kafin ya dube shi ido da ido.

Malama Hadiza:
Yanzu ka zo inda nake so. Ka haɗa abu uku da su kansu littattafan suka raba. Akwai wane aiki ya dace da ranar da Wata ke Mula. Akwai wace alama haihuwar take ga dangi. Akwai kuma halin wanda aka haifa. Baitin da ka kawo na biyun yake magana, bai ce yaron mugu ba ne, kuma a ƙarshensa ya ce in an yi shanti duk rubu'an huɗu sun zama alheri. Kaifin da ka ambata na farkon ne. A wannan rabon na ayyuka, Mula na cikin manazil masu kallon ƙasa, waɗanda ake zaɓa don haƙa rijiya da tafki da tonon ma'adinai. Daga nan marubutan zamani suka ɗauko cewa mai Mula ɗan bincike ne, mai bin diddigi. Sun ɗauki jadawalin haƙa rijiya sun mai da shi halin ɗan Adam.

Sannan idan manzilin na rushewa ne zalla, yaya aka yi a bikin Navaratri ranar Mula ce ake kiran Saraswati, abar bautarsu ta ilmi? A Tamil Nadu ranar Mula ta watan Margazhi ake bikin haihuwar Hanuman, wani abin bautarsu. A Kerala tseren jiragen ruwa na Champakulam ranar Mula ake yin sa, kuma ita ce rana ta bakwai cikin kwana goman bikin Onam. Ba a ɗora biki a kan ranar da ake gudu.

Injiniya Bashir:
Ku ba ni dama in shigo da lissafi, don kafin a yi gardamar halin mai Mula sai an san wane ne mai Mula, kuma nan ne abin ke kwancewa. Digiri ɗaya kashi 60 ne, zan riƙa ce wa kowane kashi daƙiƙa, na agogo kuma minti, don kada su cakuɗe.

Ga yadda ake fitar da manzili. Za ka mai da lokacin haihuwa zuwa agogon GMT. Ka duba jadawalin taurari ka ga inda Wata yake, wanda ake aunawa daga matsayin Rana ranar da dare da yini suka daidaita a watan Maris. Wannan matsayi yana ja da baya a kan taurari da kusan digiri ɗaya duk shekara 72, su kuwa Indiyawa da taurari suke aunawa, saboda haka sai ka cire tazarar da ta taru, wadda suke kira ayanamsha. Abin da ya rage ka mai da shi daƙiƙa, ka raba da 800, ka ƙara ɗaya, ka sami lambar manzili. Ragowar ka raba da 200, ka ƙara ɗaya, ka sami rubu'i.

Matsalar ita ce ba a haɗu a kan nawa za a cire ba. Kwamitin gyaran kalanda da gwamnatin Indiya ta kafa a 1952 ƙarƙashin Meghnad Saha ya ɗauki ma'aunin Lahiri, wanda a shekarar 2000 ya kai digiri 23 da daƙiƙa 51. Mabiya B. V. Raman na cire kusan digiri 22 da daƙiƙa 24 a wannan shekarar. Tsakaninsu daƙiƙa 87. Wata na tafiyar kimanin digiri 13 da daƙiƙa 10 a kwana ɗaya, saboda haka daƙiƙa 87 ta haura awa biyu da rabi na agogo.

Mu ɗauki jaririn da aka haifa a 2000, Wata na kan digiri 263 cif a jadawali. A lissafin Lahiri saura 239 da daƙiƙa 9, wato daƙiƙa 14,349. Raba da 800, ka sami 17 da ragowar 749. Manzili na 18 ke nan, Jyeshtha, rubu'i na huɗu, saura kamar minti 93 Wata ya kai iyaka. A lissafin Raman saura 240 da daƙiƙa 36, wato 14,436, ka sami 18 da ragowar 36. Manzili na 19, Mula, rubu'i na farko, Wata ya wuce iyaka da kamar minti 66. Malam Isuhu, dubi inda abhukta ɗinka ya shiga: minti 48 kafin iyaka da 48 bayanta. A lissafi ɗaya yaron ya riga shi zuwa, a ɗayan ya zo bayan ya wuce. Lokacin da ake raba uba da ɗa shekara 8 a kansa ya fi saɓanin masu lissafin ƙanƙanta.

Malam Isuhu:
Injiniya, lissafinka daidai ne, sai dai bai kai inda kake so ba. Jyeshtha ma tana cikin manazil shida da ake yi wa shanti, ita da Mula da Ashlesha da Magha da Revati da Ashwini, domin su ne ke gefe biyu na mahaɗar burjin ruwa da burjin wuta, abin da suke kira gandanta. Yaron da ka kawo, ta ko'ina aka auna, za a yi masa. Kuma duba zangunan rayuwa na Vimshottari, inda masu mulkin manazil ke karɓa-karɓar shekarun mutum, masu jimlar shekara 120. Mula na Ketu ne, shekara 7. Jyeshtha ta tauraron Uɗaridu ce, shekara 17, kuma Ketu ne ke bin bayansa. Wanda Watansa ke saura daƙiƙa 10 ya fita Jyeshtha zai yi kwana 78 na ragowar Uɗaridu ya shiga Ketu. Wanda ya shiga Mula da daƙiƙa 10 zai fara da Ketu, an rage masa kamar wata ɗaya. Ka ga ƙuruciyarsu duka a hannun Ketu take. Tsarin bai tsinke a iyaka ba.

Injiniya Bashir:
Zangunan ba su tsinke ba, haka ne. Amma hali muke magana, shi kuwa tsalle yake yi. Da taku ɗaya burji ya tashi daga Aƙrabu na Mirriku ya koma Ƙausu na Mushtari, daga ruwa zuwa wuta. Harafin da za a fara sunan yaro da shi ya tashi daga Yu ya koma Ye. Dabbar manzili ta tashi daga barewa ta koma kare, su kuwa waɗannan biyun abokan gaba ne a jadawalin aure. Idan yaron nan ya nemi yarinya mai manzilin Anuradha, wadda ita ma barewa ce, a lissafin Lahiri maki 4 cikin 4 zai samu a wannan fanni, a na Raman sifili.

Kuma ayanamsha ba ita kaɗai ce ƙofar kuskure ba. A Tamil Nadu har yau kalanda iri biyu ke aiki, ta Vakya mai bin tsofaffin ƙa'idoji da ta Tirukkanita mai bin lissafin zamani, kuma sukan saɓa da awoyi a kan lokacin da manzili ke ƙarewa. Gudun Wata ba ɗaya ba ne, tsakanin kusan digiri 12 da 15 yake a kwana, saboda haka manzili kan ɗauki awa 21 wani lokaci, wani lokaci ya kai 27, wanda ya yi lissafi da matsakaicin gudu zai kauce. Jadawali na auna Wata kamar daga tsakiyar duniya ake kallonsa, alhali daga doron ƙasa yana iya gocewa da kusan digiri ɗaya idan yana gab da fitowa ko faɗuwa. Sai lokacin haihuwa kansa: fitowar kai, ko kukan farko, ko yanke cibiya? Kuskuren minti 10 na motsa Wata daƙiƙa 5 da rabi, wanda ke gusar da zangon Ketu da kwana 17 zuwa 18. Wanda kuma aka haifa kafin 1955 a Bombay, ko kafin 1948 a Kalkata, sai an tabbatar da wane agogo aka rubuta, don biranen na da nasu agogon daban da na ƙasa.

Alaramma Sule:
Ku yi haƙuri in sa baki, don taurarin da kuke magana a kansu ba baƙi ba ne a wajen masu hisabinmu. Mula ita ce Shaula, ƙarin kunama, kuma a jerin manazil 28 na Larabawa ma ita ce ta 19, bayan Iklili da Ƙalbu. Albairuni, da ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, ya yi babi a kan manazil ɗinsu yana gwada su da na Larabawa. Bambancin adadin daga wani manzili ne mai suna Abhijit, wanda Indiyawa suka sani amma suka cire shi daga lissafin yau da kullum don rabon ya tafi daidai.

Amfanin da malamanmu ke yi da su na shekara ne. Kowane tauraro kwana 13, Jabha 14, jimla 365, da shi ake sanin shigar sanyi da bazara da lokacin shuka. Shaula a cikin hunturu take faɗowa. Wannan shi ne abin da malamai ke kira ilmin tasyiri, sanin tafiya, kuma Alƙur'ani ya ambaci manazil a Suratu Yunus aya ta 5, ya ce don ku san adadin shekaru da lissafi, haka ma a Yasin aya ta 39. Amma cewa manzili na sa hali ko yana kashe uba, wannan ilmin ta'asiri ne, wato jingina wa taurari tasiri, kuma hadisin Zaidu bin Khalid da ke Bukhari da Muslim ya rufe ƙofarsa. An yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da asuba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da labari daga Ubangiji cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Idan ruwan sama, wanda ko manomi ya san yana bin lokacin shekara, an hana jingina shi ga tauraro, ina ga ajalin mutum? Ku yi nazarin abin da suka ce don a san shi, amma mai karatu ya san iyakarsa.

Malama Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, a kan haka muke, abin da al'adar ta faɗa muke tantancewa. Ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafi taurarin da ka ambata, don akwai wata hujja da ake yawan kawowa yanzu. Ana cewa tsakiyar gungun taurarinmu, farar hanyar nan da ake gani ta ratsa sama da dare, a cikin Mula take, wai shi ya sa magabatan Indiya suka kira shi saiwa. Wurin gaskiya ne, tsakiyar na faɗowa wajen digiri 3 na Ƙausu a ma'aunin Lahiri. Amma sai a 1918 Harlow Shapley ya nuna cewa ta wannan fuskar tsakiyar take. Babu wani abu a tsofaffin littattafan da ya danganta sunan da ita. Dacewa ce aka gani daga baya aka lanƙaya mata ma'ana, kuma irin wannan lanƙayawar ce ta haifi yawancin halayen da ake jera wa Mula a yau.

Injiniya Bashir:
Kuma Wata bai taɓa kusantar taurarin ba. Shaula na kudu da hanyar Rana da kusan digiri 14, Wata kuwa ba ya kaucewa fiye da digiri 5 da 'yan kai. A ma'aunin Lahiri tauraron na cikin digirin farko na manzilin, sauran digiri 12 duk ya wuce shi. In aka ce Wata na cikin Mula, yanki ne na lissafi ake nufi.

Dakta Rabi:
Ni abin da ya dame ni shi ne wanda ke ɗaukar nauyin wannan magana. Manzili ɗaya cikin 27 kashi 3.7 ne cikin ɗari na duk haihuwa. Shida ɗin da Malam Isuhu ya lissafa sun haura kashi 22. Masu ɗabi'ar dodanni kuwa manazil tara ne, sulusin mutane ke nan. Indiya na haihuwar sama da yara miliyan 20 a shekara, wato fiye da 700,000 a Mula kaɗai, kwatansu a rubu'in da aka ce yana cin uba. Magana mai girma haka ana iya gwada ta.

Hanyar ba ta da wuya. A ɗauki rajistar haihuwa ta asibiti mai lokaci a rubuce, a fitar da manzili da ma'auni ɗaya, a sake fitarwa da ɗayan, a ware waɗanda suka faɗo kusa da iyaka. Sai a bi diddigin iyaye maza na shekara 8, a gwada adadin waɗanda suka rasu a rubu'in farko na Mula da na sauran rubu'ai 107. Lokacin shekara ba zai ɓata sakamako ba, tunda Wata na kewayowa duk kwana 27 da sulusi, ko rani ko damina. Abin da zai iya ɓata shi shi ne imanin kansa. Yaron da aka tashe shi ana ce masa kai ne ka ci ubanka, ko aka kai shi riƙo wajen dangi, ba abin mamaki ba ne ya taso da zafin rai. Saboda haka gwajin hali sai an yi shi a inda iyaye ba su san manzilin ɗansu ba.

An yi wani gwaji makamancin haka a Pune a 2008, ƙarƙashin masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokan aikinsa. Sun tara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙai a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka ba kowane mai duba 40 ya rarrabe, aka ce sai ya dace a 28 za a karɓa. Masu duba 27 suka mayar da amsa, babu wanda ya kai, matsakaicinsu bai ma kai rabi ba.

Ta ɓangaren asibiti kuma ga inda ɓarnar take. Jyeshtha da Mula a jere suke, kusan kwana biyu ke nan da iyali ke son kaucewa, kuma a Indiya zaɓen lokacin fiɗar haihuwa bisa shawarar mai duba abu ne sananne. In aka jawo fiɗa gaba ba tare da dalilin lafiya ba, kafin ciki ya cika mako 39, haɗarin matsalar numfashi ga jariri na ƙaruwa, don huhu bai gama nuna ba. In aka jinkirta wadda ya kamata a yi da gaggawa, uwa da ɗa duka ke cikin haɗari.

Malam Isuhu:
Dakta, gwajin Pune basira ya auna, bai taɓa Mula ba, kuma masu duba za su ce maka ba a karanta manzili shi kaɗai. Ana duba burjin da ke fitowa a gabas lokacin haihuwa, da gidan uba, wanda wasu ke ɗauka na tara wasu na goma, da inda Rana take, da ko Mushtari na kallon Wata. Ko rubu'an Mula ɗin ba ɗaya suke ba. A taswirar navamsha, wadda ke raba kowane burji kashi tara, na farko na faɗawa Hamalu na Mirriku, na biyu Sauru na Zuhura, na uku Jauza'u na Uɗaridu, na huɗu Saraɗanu, gidan Wata kansa. Wannan na cikin dalilan da suke bayarwa na sauƙin na huɗu da zafin na farko. Wannan tsari ne mai tafiya da ƙa'ida, kuma ƙa'idar na nuna wa Mula yatsa.

Dakta Rabi:
To ai Malam, in sai an haɗa da gidan uba da kallon Mushtari kafin hukunci ya tabbata, maganar da ka fara da ita ta faɗi, tunda ita cewa ta yi duk wanda aka haifa a Mula. Kuma a wajen neman aure ba a jiran wannan dogon bayani, sunan manzili kawai ake ji a juya baya. A jadawalin maki 36, inda ake neman aƙalla 18, fannin ɗabi'a na da maki 6, kuma mai ɗabi'ar dodanni in ya haɗu da mai ɗabi'ar mutane sifili ake ba su. Wannan bai keɓanta da Mula ba. Wanda ya keɓanta da shi shi ne cewa yana cin suruki, uban miji ko uban mata, kamar yadda Ashlesha ke cin suruka. Tamilawa har karin magana gare su, cewa namijin Mula mulki zai yi, macen Mula kuwa tumɓuke gida za ta yi.

Malama Hadiza:
Wannan karin maganar ma ya saɓa wa littafin da Malam Isuhu ya dogara da shi. Baitin Muhurta Chintamani a kan suruki ɗiya da ɗa ya ambata tare, bai ware mace ba. Inda ya ware ta shi ne Jyeshtha, wadda ya ce tana cin wan miji, da Vishakha mai cin ƙanen miji. Kuma baitin da ke biye ya cire rubu'i na huɗu na Mula daga hukuncin gaba ɗaya. A aikace ba a tambayar rubu'i, ba a kuma tsananta wa namiji. Abin da masu haɗa aure ke yi wa yarinya mai Mula shi ne su nemo mata saurayin da mahaifinsa ya riga ya rasu, ko da kuwa a rubu'i na huɗu aka haife ta.